Darasi: Shirin rubutacciyar jarrabawar shiga aikin ɗan sanda

Wanda yake son shiga aikin ɗan sanda a Nijar, ta hanyar gasar da ake kira konkur zai bi. Akwai gwajin ƙarfin jiki da na lafiya, amma wannan darasi kan rubutu yake magana, don a nan ne samari da ƴan mata masu ƙarfi da ƙwazo suke yawan faɗuwa.

Fara da sanarwa da takardu

Idan sanarwa ta fito, je komisariya ka karanta ta da idonka, kada ka dogara da abin da aka turo maka ta WhatsApp. A ciki za ka ga shekarun haihuwa da ake karɓa, takardar makarantar da kowane mataki yake buƙata, darussan da za a rubuta, da ranar rufe karɓar takardu. Kwafe waɗannan a kaye.

Takardun da aka saba nema su ne na haihuwa, na zama ɗan ƙasa, shaidar kammala karatu da hukuma ta buga wa hatimi, shaidar likita, hotuna, da takardar neman aiki ta rubutun hannu. Akwai kuma kaziye, wato shaidar kotu cewa ba a taɓa yanke maka hukunci ba. Ita ba a karɓar wadda ta wuce wata 3, saboda haka kada ka yi gaggawar cirarta tun kafin sanarwa. Jera takardun duka a kan tabarma, ka duba sunanka harafi bayan harafi. Idan ɗaya ta ce Abdou ɗaya ta ce Abdoul, ko ranar haihuwa ta bambanta, gyara shi yanzu, domin gyaran yana cin makonni.

Dikte da rubutun tsara magana

A Faransanci ake rubutawa, kuma jin Faransanci a baki bai isa ba. A dikte, wato a karanta maka kana rubutawa, kowane kuskure ana rage maki a kansa, kuma kurakuran kusan iri ɗaya ne kullum: barin s na jam'i, barin nt a ƙarshen aikatau, da rikita kalmomin da kunne yake ji iri ɗaya, kamar a da à, et da est, son da sont. Dalili shi ne waɗannan haruffa ba a furta su, hannu kuwa abin da kunne ya ji yake bi. Ga dabara ɗaya: idan kana shakka tsakanin a da à, sa avait a wurin. In jimla ta zauna daidai, a ne marar alama. Tsakanin é da er kuma, gwada vendu da vendre: inda vendre ta shiga, er za ka rubuta.

Kowace rana, bayan sallar asuba ko bayan isha'i, sa wani ya karanta maka layi 10 daga littafin makaranta ko jarida. Rubuta da biki, wato alƙalami, ba a waya ba. Sannan ka gwama da littafin, ka ja layi ƙarƙashin kowane kuskure, ka sake rubuta kalmar sau 5. Wanda ya bar aji da daɗewa hannunsa yakan yi nauyi, kuma ba abin da ke sake shi sai wannan.

A rubutun tsara magana, idan an ba da awa 2, raba su haka: minti 15 na karanta tambaya da jera ra'ayoyi, minti 30 a takardar gwaji, awa 1 na kwafewa a tsabtace, minti 15 na sake karantawa. Yi gabatarwa, gangar jiki da kammalawa, kowanne da sakin layinsa. Gajerun jimloli sun fi, don doguwar jimla nan kuskure yake ɓuya.

Lissafi

Mu a Maraɗi da dala muke ƙirga kuɗi, takarda kuwa da faran take magana. Dala 20 faran 100 ne, jika ɗaya faran 1 000. Idan ka yi lissafi a ka da Hausa, ninka dalolin sau 5 kafin ka rubuta.

Lissafin lokaci ma yana kayar da mutane. Mota ta tashi 7h45, ta isa 11h15, tana gudun kilomita 60 a awa. Tafiyar awa 3 da minti 30 ce, wato 3,5, amsa kuma kilomita 210. Wanda ya rubuta 3,30 zai samu 198, ya faɗi, saboda awa minti 60 gare ta, ba 100 ba. Rubuta kowane mataki a fili, ka sa ma'auni a bayan amsa.

Sanin ƙasa

Riƙe waɗannan sosai: an ayyana jamhuriya ran 18 ga Disamba 1958, ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, shugaban farko Diori Hamani. Jihohi 8 ne har da Yamai, maƙwabta 7: Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso da Mali. Ƴan sanda suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarma kuwa ma'aikatar tsaro. Yi hattara da tsofaffin littattafan da ake sayarwa a kasuwa: an canza taken ƙasa a 2023, kuma ran 16 ga Satumba na shekarar Nijar, Mali da Burkina Faso suka kafa AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel. Saurari labaran rediyo da Faransanci kowace rana.

Ranar jarrabawa

Je ka ga wurin tun ana gobe, ka nemo ajinka da lambar teburinka. Ɗauki katin ɗan ƙasa, biki shuɗi guda 2, rula da ruwan sha. Waya ta kwana a gida, don samunta a aljihu kaɗai yana iya sa a kore ka. Sunanka a saman takarda kawai zai fito, wurin da aka tanada. Ko wasiƙa aka ce ka rubuta, kada ka sa suna ko hannu a ƙasanta, domin ana iya soke takardar da ke ɗauke da alamar mai ita.

Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka cikin waɗanda suka ci, kada ka ba shi ko dala. Kuɗin da sanarwa ta ambata kaɗai za ka biya, kuma ka karɓi rasit ka adana shi tare da sauran takardunka.