Yadda za ka mai da kayan bola abin ado, jaka, kujera har ma da gini

Duk wanda ya ce maka harkar nan basira ce kawai toh bai taɓa yinta ba. Kashi mafi yawa na aikin tarawa ne da wanki da rarrabewa, basirar daga baya take shigowa, kuma a nan ne yawancin mutane suke faɗuwa, su kwaso tarkace kala-kala su manna da gam su fesa fenti, bayan sati biyu abin ya koma inda aka ɗauko shi.

Farko dai ka zaɓi abu ɗaya ka tara shi da yawa. Ɗaya fa nace. Marfin kwalba ne, marfin kwalba kawai, in tsoffin wandunan jins ne su kaɗai. Marfi guda biyar shara ne amma guda dubu biyar da aka jera su launi-launi ido ba ya ƙara ganin marfi, zane yake gani. Dubi El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka, marafan kwalaben giya na alminiyom yake amfani da su, a baje su a huda a ɗaure da siririyar wayar jan ƙarfe har su zama kamar ƙaton mayafi mai sheƙi da zai rufe bango guda, a 2023 aikinsa ne ya cika babban zauren Tate Modern, gidan baje kolin zane-zane a Landan. Ba shi kaɗai yake ɗaurin nan ba, yana da ma'aikata da yawa, don haka kai ma kar ka ji kunyar saka 'yan gida su tayaka tarawa. In kuma sauri kake ka nemi 'yan jari-bola, sun riga sun rarrabe maka rabin aikin.

Sai wanki, kuma don Allah kar ka tsallake wannan. A jiƙa a ruwan sabulu, a cire takardar da ke manne, a ɗauraye, a shanya ya bushe ƙarau. Gam baya kama abu mai maiƙo, fenti ma haka, in kuma ka rufe danshi a cikin gora bayan kwana kaɗan za ka ga ta yi baƙi tana wari. Kamfanin jakunkuna na Freitag a birnin Zurich na Siwizalan da wasu 'yan uwa biyu suka fara a 1993 da tsohon tamfol na manyan motoci da tubun keke da bel ɗin kujerar mota, har yau sai sun wanke tamfol ɗin tas kafin a ɗora masa wuƙa, kuma da ruwan sama da suke tarawa suke wankin.

Akwai abubuwan da ko kyauta aka baka ka barsu. Jarkar da aka zuba maganin ƙwari ko wani sinadari, tsohon batir, kayan asibiti, fitilar nan doguwa mai farin haske saboda akwai sinadarin makuri mai guba a ciki. Katakon da ake ɗora kaya a kai in za a loda, wanda ake ce wa falet, ka duba tambarin jikinsa, in ka ga HT da zafi aka gasa shi ba matsala, in ka ga MB feshin guba aka yi masa, kar ka yi teburi ko gadon yara da shi. Roba kuma ka juya gindinta za ka ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku, 1 ita ce gorar ruwa, 2 da 5 su ne masu kauri irin jarka da marafai, 4 yawanci leda, lamba 3 ita ce PVC irin ta fayif kuma in ta ji wuta hayaƙinta guba ne. Ni dai shawarata kar ka ƙona kowace roba ko kaɗan. Safar hannu mai kauri da tabarau da takunkumi in kana yanka ko goge abu, gwangwani yankan shi ya fi na reza muni.

Yanzu haɗawa, wanda a ganina nan ne ake gane gwani. Gam shi ne na ƙarshe da ya kamata ka yi tunani, musamman a kan roba lamba 2 da 4 da 5, santsi gare su, yau ya kama gobe ya saki. Huda ka ɗaure, ko ka ɗinka, ko ka sa noti ko ƙusa. In marafan ƙarfe ne ka baje su da guduma a kan katako, ka huda huɗu da ƙusa a gefe-gefe, ka yanka waya gajeru ka murɗa da filaya, kar ka ɗaure tamau ka bar ɗan sako-sako don abin ya riƙa lanƙwasa kamar yadi. Ka yi ƙananan falle kamar faɗin tafin hannu tukunna, daga baya ka shimfiɗa su a ƙasa kana jujjuyawa har tsarin ya yi maka sannan ka haɗe.

Leda hanya biyu gare ta. Ta farko ka ninke ta ka yanke hannun da gindin, sauran ka yayyanka shi zobe-zobe, ka sarƙa wannan cikin wancan ka ja ya ƙulle, sai ga zare ya fito, ka naɗe shi ka saƙa da kwarashi mai kauri, jaka ko tabarma ko kwando duk yana yi kuma ruwa baya ɓata shi. Ta biyu ka jera falle shida zuwa takwas tsakanin takardar gashi, irin wadda ake gasa biredi a kai, guda biyu ka bi da dutsen guga mai matsakaicin zafi kana motsawa ba tsayawa, za su narke su haɗe su zama falle ɗaya mai kauri da keken ɗinki zai iya ɗinkawa. A waje za ka yi wannan ko kusa da taga a buɗe, in ka ji wari ya tashi ko leda ta fara hujewa zafin ya yi yawa.

Kayan sawa kuma kar ka fara da almakashi, fara da farke ɗinki. Wandon jins guda in ka farke shi a hankali za ka samu manyan falle huɗu da aljihu da zif da maɓalli, duk masu amfani. Ka haɗa yadi mai nauyi da mai nauyi, mara nauyi da mara nauyi, in ka haɗa jins da siririn yadi wankin farko zai yage daga bakin ɗinkin. Ka wanke duka kafin ka yanka saboda wani yana shiga ruwa ya tsuke wani kuma launinsa zuba yake. Allura mai kauri, zare mai ƙarfi. Kuma ka shimfiɗa ma'aunin ka, wato takardar da ka yanke da siffar abin da za ka ɗinka, a kan yadin ka riƙa matsar da shi kana neman inda ya fi kyau, wurin da ya koɗe ko ya yi tabo wani lokacin shi ne adon.

Tayar mota mai sauƙi ce, a wanke, a yanka katako zagaye biyu a ɗaure sama da ƙasa da noti, a naɗe da igiya daga tsakiya zuwa waje, a sa ƙafa, kujera ta samu. Bari in wuce.

Gini shi ne inda zan ɗan tsaya don nan wasa baya yi. Ana yi, ba tatsuniya ba ce. Michael Reynolds tun shekarun 1970 yake gina gidaje a Taos ta jihar New Mexico a Amurka da tsoffin tayoyi, ana cika kowacce da ƙasa a daddaka da guduma har ta wuce kilo 100, a jera su kamar bulo, bangon ya riƙe zafin rana ya sake shi da dare. A lardin Sisaket na Tailan akwai wurin ibadar mabiya Buddha da aka fara a 1984 da kwalaben giya sama da miliyan ɗaya. In gorar roba za ka yi da ita, ka cika da busasshen yashi kana dannawa da sanda har in ka taka bata lotsa ba, ko ka cusa busasshiyar leda, in ledar ce gora mai cin mililita 600 ta kai akalla giram 200. Gorunan su zama girma ɗaya. A kwantar da su a jere a kan laka ko siminti, a ɗaure wuyansu da igiya, a ƙarshe a yaɓe gaba ɗaya saboda rana tana cinye roba ta sa ta farfashe. Fara da benci ko ɗan zagayen fulawa. Bangon da zai ɗauki rufi kuwa sai injiniya ya duba kuma ka samu izinin hukuma, fandisho na dutse ko kankare za ka yi, ba gora ba.

Sai gamawa. Ka bi duk baki mai kaifi da sanfefa ko ka lanƙwasa shi ciki, jaka ka sa mata shafi, ƙarfe ka kankare tsatsa ka shafa banish, launi kar ya wuce biyu ko uku. Ni bana son a lulluɓe komai da fenti har a kasa gane asalinsa, shahararren mai zanen nan Picasso a 1942 sirdin keke da kan keke kawai ya haɗa ya zama kan bijimi, kana kallo kana ganin duka biyun. Kafin ka sayar ko ka bayar ka gwada da kanka, jaka ka loda mata kaya masu nauyi ka rataya ta sati guda, kujera ka sa wanda ya fi kowa jiki a gidan ya zauna ya jijjiga, duk inda ya yi ƙara ka kwance ka ƙara noti.