Haɗa Perl da long double: yadda muka yi da ƙanena

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya kawo mini kwamfutarsa ranar Lahadi. "Yaya, lissafina yana zamewa a lambobin ƙarshe." Shiri ne ya rubuta da Perl, wani yaren rubuta manhaja, yana tara ƙananan lambobi sau miliyoyi. Na ce masa kwamfutar lafiyarta ƙalau, mudun awon ne ya yi ƙanƙanta.

Perl ɗin da ke zuwa da Linux yana auna lamba mai ɗigo da mudun da ake kira double: bit 64 (bit gurbi ne na 0 ko 1), amma 53 ne ke riƙe da ainihin lambar, wato wajen lambobi 15 da za ka amince da su. Injin Intel da AMD kuwa suna da babban mudu mai bit 80, wanda 64 daga ciki ke riƙe lambar, ya ba ka lambobi 18. Shi ne long double. Ba a kunna shi a Perl ɗin da aka riga aka haɗa, sai dai a sake haɗa Perl tun daga tushe, wato ainihin rubutun da ake gina shi da shi.

Ka tabbata kana da gcc da make, kayan aikin haɗa manhaja, ka sauko da tushen Perl, ka shiga cikinsa:

sh Configure -des -Duselongdouble -Dprefix=$HOME/perl-ld
make
make test
make install

Wancan -Dprefix ɗin, mai faɗin inda za a ajiye sabon Perl, kada ka yi wasa da shi. Tsarin kwamfutarka ya dogara da /usr/bin/perl, bar shi inda yake. Gwajin make test yana cin lokaci, ga zafin Sakkwato, shi ya sa muka bari sai bayan Isha'i, batir cike, don ko an ɗauke wuta.

Da ya gama, ka tambayi sabon:

~/perl-ld/bin/perl -V:nvtype

In ya ce long double, an dace. Sai ka sa shi ya buga 0.1 da printf "%.25f". A tsohon, ɓarnar tana fitowa a lamba ta 18 bayan ɗigo. A sabon, sai ta 21. Matsawa ta yi, ba ta tafi ba.

Inda na taɓa yin tuntuɓe: na nuna wa sabon Perl tsofaffin ƙarin shirye-shirye na CPAN, rumbun shirye-shiryen Perl, masu yaren C a ciki, ya ƙi su ƙememe. Girman lambar ya canza, dole a sake haɗa kowanne.

Akwai kuma wani zaɓin haɗawa, -Dusequadmath, tun Perl 5.22 na 2015: bit 128, lambobi 33, amma manhaja ce ke lissafin, don haka yana tafiyar hawainiya. A Mac mai injin Apple kuwa long double daidai yake da double, wahalar banza za ka sha.

Ƙanen ya ce, to lissafin kuɗin shagon Baba fa? Na ce a'a, wannan ka mayar da naira kobo, ka ƙirga da cikakkun lambobi, ko ka ɗauki Math::BigFloat, ƙarin shirin Perl mai riƙe lambobi iya yawan da kake so.