Yadda Ɗan Kasuwar Damagaram Zai Zaɓi Manhajar Sarrafa Shafinsa na Intanet

Kafin ka zaɓi manhaja, ka fara sanin wanda zai riƙa sabunta shafin. Idan baduku ne da kansa zai ɗora hotunan jakunkunan fata, ya canza farashi, WordPress ya fi dacewa, domin kyauta ne, yana aiki da Faransanci, kuɗin masauki (wato wurin da ake ajiye shafin a intanet) da na sunan shafi kaɗai za a biya. Drupal sai da ƙwararre. Shopify kuwa yana karɓar kuɗin wata-wata, galibi ta katin banki. Ka gwada shafin a ƙaramar waya lokacin da rezo ya yi rauni, tunda ta nan masu saye za su shigo, sannan ka tabbatar kalmar sirrin shafin tana hannunka.