Kula Da Na'urar Ji A Zafin Makka Da Jidda

Na'urar da ake maƙalawa a kunne don ƙara ji ba ta da abokin gaba kamar danshi. A Makka gumi ne, a Jidda kuwa ga gumi ga laimar teku. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. A irin wannan yanayi gumi kan biyo bayan kunne ya shiga gidan batir, tsatsa ta kama ƙarfen. Alamar farko, sauti ya riƙa ɗaukewa yana dawowa.

Saboda haka aikin dare ya fi komai muhimmanci. Bayan Isha'i a cire na'urar, a goge ta da busasshen ƙyalle mai laushi, a buɗe ƙofar batir a fitar da shi. Sai a sa ta cikin kwalba mai murfi tare da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, irin ɗan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, ko da yake na shagunan na'urar ji sun fi ƙarfi. Batirin kada ya kwana a kwalbar, bushewa tana rage masa kwana. Ban da shanya na'urar a rana, ban da barin ta a cikin mota, domin zafi yana lanƙwasa robar.

Sai alwala. A cire kafin a fara, a sa a akwatinta cikin aljihu ko jakar ɗamara. Bakin famfo nan ake yin mantuwa. Bayan shafar kunne a tsane shi tukuna a mayar. A Mina da Arfa, inda ake feshin ruwa don rage zafi, lema ta isa kariya.

Batir da launin takardarsa ake gane shi: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Iska ce ke tayar da shi, don haka in an ɓare takardar a jira minti ɗaya ko biyu kafin a sa. Da an ɓare ya fara ƙarewa, mayar da takardar ba ya tsayar da shi. Lamba 312 kan yi kwana 3 zuwa 10, to alhajin da zai yi wata guda da na'ura a kunne biyu ya taho da guda 20. Ba a ajiye batir a firij, kuma a ɓoye shi daga yara; yaron da ya haɗiye shi asibiti ake kai shi nan take. Mai na'urar caji ya riƙe cajarsa a jakar hannu. Soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin na Najeriya.

In na'ura tana fito, yawanci ɗayan uku ne: robar da ke shiga cikin kunne ba ta zauna daidai ba, dauɗa ta toshe kunne, ko siririn bututun da ke haɗa robar da na'urar ya tsage. Mayafi ko hula in sun danne makirfon ma sukan jawo haka. Bututun da ya yi tauri ya koma rawaya a canza shi, kusan duk wata 4 zuwa 6. In an ga ɗigon ruwa a ciki, a zare shi a hura da 'yar robar hura iska. Hurawa da baki ƙara danshi take yi.

Dauɗar kunne ba a sakace ta da tsinken auduga ko ashana, tura ta ciki ake yi. Ɗigo 2 ko 3 na man zaitun na kwana 3 zuwa 5 yana tausasa ta, amma banda kunnen da ke zubar da ruwa ko wanda dodonsa ya huje.

Wanda ji ya ɗauke masa farat ɗaya a kunne guda, musamman da jiri ko ƙugi, kada ya tsaya canza batir. Ya ga likitan kunne a ranar, domin maganin ya fi aiki a kwanakin farko. Lambar Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya don neman shawarar likita ita ce 937.