Yadda ake yi wa mai hoto gyara, da yadda ake karɓarsa

Hoton farko da na taɓa nuna wa masu ɗaukar hoto irina na mahaifina ne. Yana zaune kusa da taga da hantsi, farar riga a jikinsa, haske na shigowa ta hagunsa. Na ɗauka ya fi sau ashirin kafin na zaɓi guda. Wanda ya fara gani ya ce, "Bai yi ba," ya kama gabansa. Na kwana ina juya maganar a raina, na rasa mene ne bai yi ba: hasken ne, zaman ne, ko ni ne ban dace da harkar ba. Bayan kwana biyu wani dattijo da ya daɗe yana riƙe kyamara ya karɓi hoton, ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Ɗana, me kake so mu gani a nan?" Na ce idon Baba. Ya sa yatsu biyu ya ja hoton a kan allo har fuskar ta cika shi. "To duba da kyau. Idon ya yi dishi-dishi, maɓallin rigar ne ya fito tar. A nawa ka buɗe ƙofar hasken?" Na ce f/1.8, wato ƙofar da haske ke shiga kyamara a buɗe take sosai. Ya ce a wannan buɗin, ga ni kuma dab da mutum, abin da zai fito tsaf bai wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba. Ko dai in ɗora saitin, wato inda kyamara za ta fitar tar, a kan idon da ya fi kusa da ni, ko in rage ƙofar hasken zuwa f/4, don idan lambar ta ƙaru ƙofar tsukewa take yi.

Su biyun gaskiya suka faɗa. Sai dai ɗaya ya bar ni da ciwo, ɗaya ya ba ni aikin yi. Yawancin abin da nake bi yau idan an miƙo mini hoto, daga zaman nan na ɗauko shi.

Da farko ka tabbatar an nemi gyaran. Wanda ya nuna maka hoton jaririnsa cikin murna, taya shi murna yake nema. In ka hango wani abu da kake ganin zai amfane shi, ka nemi izini: "Ɗan'uwa, ina da 'yar shawara a kan hasken nan, in kana so." In ya ce yana so, bismillah. In ya share zancen, kai ma ka share.

In an nema, kada ka yi saurin buɗe baki. Ka kalli hoton ko da minti ɗaya ne cur, ka lura da inda idonka ya fara sauka da inda ya nufa daga nan. Ka tuna kuma allon wayarka ba alƙali ba ne. Wata wayar tana ƙara wa launi ƙarfi, wata haskenta a ƙasa yake, manhajojin aika saƙo kuma suna matse hoto su rage masa inganci. Na sha ganin an ce wa mutum hotonsa ya yi duhu, ashe allon mai maganar ne a rage.

Sai tambayar dattijon nan: me kake so mu gani? Ita ce ginshiƙin komai, don ba ka da hurumin cewa mutum ya ɓata hanya alhali ba ka san inda ya dosa ba. Akwai hoton da Henri Cartier-Bresson ya ɗauka a garin Hyères na Faransa a 1932, daga saman wata matattakala mai lanƙwasa, mai keke yana wucewa ta ƙasa. Mai keken bai fito tar ba, kuma wannan dishi-dishin shi ne gudun. Hotunan da Robert Capa ya ɗauka ranar 6 ga Yuni, 1944, sojoji na kutsawa gaɓar tekun Normandy ta Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, rawa suke yi, ga tsaki-tsaki, amma har yau da su ake tuna ranar. Seydou Keïta na Bamako kan zaunar da mace mai zane mai ado a gaban labule mai ado, ado a kan ado, abin da duk mai bin ƙa'ida ido rufe zai ce hayaniya ta yi yawa a baya. Ƙa'idar raba hoto gida uku da sauran irinta sandar dogarawa ce ga mai koyo. Idan ka ga an saɓa mata, ka fara tambaya ko da gangan ne.

Da zarar ka ji nufinsa, aikinka ya zama auna tazarar da ke tsakanin abin da ya so da abin da ya fito. A nan ne ake buƙatar ka nuna wuri da yatsa, ka faɗi dalili, ka ba da mafita. Ɗauki misalin hoton da bai fito tar ba, wanda shi ne ƙorafin da aka fi yi. Cewa "ya yi dishi-dishi" bai koya wa kowa komai ba, shi ma mai hoton yana da ido. Ka duba wane iri ne. In komai na cikin hoton ya ja gefe guda, har bango da ƙasa, hannu ne ya motsa. Da gilashin kyamara mai milimita 50 bai kamata ƙiftawar kyamara, wato ɗan lokacin da take buɗewa haske ya shiga, ta fi 1/50 na daƙiƙa jinkiri ba idan a hannu aka riƙe ta. In bango ya tsaya cak, yaron da ke gudu ne kaɗai ya shafe, ƙiftawar ce ta yi masa jinkiri, a kai ta 1/500 ko abin da ya fi haka sauri. In kuwa wani abu daban ne ya fito tar, kamar maɓallin rigar Baba, saiti ne ya sauka inda ba a aike shi ba. Cuta uku ke nan, kowace da maganinta, kuma mai gyaran da bai bambance su ba zai tura mutum neman magani a inda babu shi.

Haka batun haske. Ma'aunin hasken kyamara kullum ƙoƙarinsa ya mayar da abin da ya gani tsaka-tsaki, kamar ruwan toka. Shi ya sa idan farar riga ko farin bango ya cika hoto, sai kyamara ta rage haske, fuskar mutum ta nutse, musamman mai duhun fata. Maimakon ka ce "fuskar ta yi baƙi," ka ce, "Ina jin farar rigar ce ta ruɗi kyamarar, gwada ƙara haske da mataki ɗaya, wato ka ninka shi, ko ka riƙe farin kwali ta ɓangaren inuwa." Kada kuma ka ba da shawarar da ba za ta yiwu ba. Sararin samaniyar da ya ƙone ya zama fari fat a hoton JPEG, wato irin fayil ɗin da kyamara ta riga ta matse, ya tafi ke nan, ba manhajar da za ta dawo da gajimaren. RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ya fi ba da sarari, shi ma da iyakarsa. A irin wannan, gyaran na ɗauka ta gaba ne, kuma ya kamata ka faɗa masa haka.

Wani abu da na daɗe kafin na iya shi ne raba kuskure da son rai. Sandar da ta tsiro daga kan mutum saboda ba a lura da baya ba, kuskure ce. Teku da ya karkata kamar zai zube, galibi kuskure ne. Amma ni ina son launi mai sanyi, wani yana son mai ɗumi. Ni ina son inuwa mai zurfi, wani yana son komai a bayyane. Idan abin na son rai ne, ka sa masa sunanka: "Ni dai da ni ne, da na datse gefen dama kaɗan." Wannan "ni dai" ɗin yana barin mutum da hotonsa a hannunsa.

Kada ka juye masa kwando gaba ɗaya. Ko ka ga aibi bakwai, zaɓi ɗaya ko biyu da suka fi cutar da hoton. Kada ka ce ya sayi sabuwar kyamara. Mafi yawan gyara da ƙafa ake yinsa, a matsa kusa, a durƙusa, a jira rana ta yi sanyi. Kada ka ɗauki hoton mutum ka sake masa launi ka dawo masa da shi ba tare da ya yarda ba. Wanda ke cikin hoton kuma, jikinsa da kamanninsa ba sa cikin abin da aka ba ka ka duba. Wataƙila matar mai hoton ce, ko mahaifiyarsa.

Yabo ma yana son yatsa. "Ya yi kyau" da "bai yi ba" duk hannu wofi suke barin mutum. Ka ce masa hasken da ya kwanta a kumatun yarinyar nan shi ya riƙe hoton, don ya san abin da zai sake nema. Ba na son yabon da ake shafawa kawai don a sami hanyar soka, mutane suna gane shi daga nesa. In a rubuce za ka yi gyaran, ka karanta shi sau biyu kafin ka aika, don rubutu ba ya ɗauke da murmushi ko sanyin murya, magana kuwa zarar bunu ce.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi zafi, ranar da naka hoton ne a gaban mutane.

Ka sauƙaƙa wa masu dubawa. Faɗi abin da ka nufa, faɗi buɗin ƙofar haske da saurin ƙiftawa da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, kyamarar zamani tana ajiye su a jikin fayil ɗin. Sannan ka yi tambaya mai baki: "Shin itacen da ke baya yana janye ido daga fuskar?" Mai tambaya "ya kuka gani?" shi ke samun amsar da ba ta da kai.

Idan gyaran ya zo ya taɓa ka, kuma zai taɓa ka, kada ka amsa a take. Ni nakan ce na gode, in rufe, sai gobe. Abin da zuciya ke fara kawowa shi ne labarin wahalar da aka sha: tun asuba na fito, ruwa ya dake ni, wurin ba haske. Duk gaskiya ne, amma mai kallo bai je wurin ba, abin da ke cikin kusurwa huɗun nan kaɗai ya gani. Kai kana kallon hoton da abin da ka tuna, shi yana kallonsa da ido kawai, kuma don wannan idon ka nuna masa tun farko. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ka raba abin da mutum ya gani da maganin da ya rubuta maka. Sau da yawa ganin daidai ne, maganin ne ba daidai ba. Wani zai ce ka mayar da hoton baƙi da fari. Abin da ya dame shi a zahiri jar robar nan ce da ke kusurwa tana satar ido, kuma datsewa kaɗan ta isa. In mutum uku da ba su haɗa baki ba suka tsaya a wuri ɗaya, akwai magana a wurin, ko da kowa da abin da ya kira ta. Har mai gatsali ma nakan tambaye shi, "Malam, wane wuri ne bai yi maka ba?" In yana da abin faɗa, na samu. In zagi ne zalla, ba na sake bi ta kansa.

Ba dole ne ka karɓi kowace shawara ba. Kana iya cewa, "Na ji, na kuma gwada, amma inuwar nan da gangan na bar ta." Sharaɗin dai ka gwada da gaske. Sauya ra'ayi a kan hotonka kuma ba faɗuwa ba ce: Ansel Adams ya ɗauki fitaccen hotonsa na fitowar wata a Hernandez, jihar New Mexico ta Amurka, a 1941, ya kuma ci gaba da wanke shi shekara da shekaru, sararin saman yana ƙara duhu a wankin baya fiye da na farko.

In da hali, ka koma ka sake ɗauka, ka kai wa wanda ya yi maka gyaran. Ni sati na zagayowa na sake zaunar da Baba a bakin tagar, da rigar nan dai. Na rage zuwa f/4, na ɗaga ISO zuwa 1600, na ƙara haske mataki ɗaya, na ɗora saitin a kan idonsa na hagu. Dattijon ya ja hoton da yatsu biyu kamar wancan karon, har tagar ta bayyana 'yar ƙarama a cikin ƙwayar idon. Ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa, ga idon. Saura ƙarfen tagar nan da ya karkata, gobe ka daidaita tsayuwarka."