Yadda za ku saita wa Hajiya wayar shafa ta daina mita

Tsohuwa in ta ce "wayar nan ba ta da mutunci", yawanci gaskiyarta ce. An miƙa mata ita yadda ta fito daga kwali, alhali idon saurayi da yatsansa aka auna da aka ƙera ta.

Ku fara da rubutu. A saitin fuskar waya ku ƙara girman haruffa, sannan ku shiga WhatsApp ku ƙara nasa daban. Fuskar farko a bar mata abu huɗu: kira, WhatsApp, kyamara da fitila. Sauran a ɗauke, don kowane hoto da ba ta sani ba tarko ne. Sunaye kuwa ku rubuta yadda take kiran mutane, Auta, Yaya Babba, Mai Nono, kowa da hotonsa.

Kukan da ya fi yawa shi ne "tana cinye min kati". Ɓarayin biyu ne. Na farko bidiyoyin guruf ɗin biki da na dangi da ke sauka da kansu. Ku kashe saukar kai tsaye, sai wanda ta taɓa ya buɗe. Wannan kuma shi ke hana wayar cika. Na biyu, idan data ta ƙare layin yana iya komawa kan kuɗin kira, saboda haka ku saya mata ta wata guda, ku nuna mata *323# na duba data da *310# na duba kati, in layin Najeriya ne. A Najeriya, tura STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin tallan da ke tashinta daga barcin rana.

Saƙon murya shi ne abin marmarinta, nan take jin jikoki. Matsalar ita ce yatsa na zamewa a tsakiyar gaisuwa, saƙo ya tafi guntu. Ku koya mata ta danna alamar makirfo ta ja sama har ya kulle, ta gaisa da kowa har da kaji, sannan ta tura. Da hunturu in gilashin ya ƙi jin taɓi, bushewar fata ce. Ɗan man kaɗanya a yatsa ya isa.

Batun 'yan damfara ba a wasa da shi. Ku kunna mata tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato lambar sirri da za a nema kafin a buɗe WhatsApp ɗinta a wata waya, ku hana baƙi jefa ta guruf, ku kuma maimaita mata har ta haddace: duk wanda ya kira yana neman lambobi shida da suka shigo mata ta saƙo, ko BVN, ko lambar sirrin katin ATM, ta ce sai Auta ya dawo, ta kashe. Banki ba ya tambayar lambar sirri a waya.

Kuma kada ku karɓe tsohuwar wayarta mai madannai. Batirinta na kwanaki, ga rediyo, ranar da aka ɗauke wuta ita za ta fitar da ku kunya.