Kalmar "get" ba samu kaɗai take nufi ba

'Yan'uwa masu aiki a Jidda da Makka, musamman masu hulɗa da Indiyawa da 'yan Filifin, a kula da kalmar "get". Yawancinmu samu kawai muka san ta da shi. Ranar nan shugabanmu a wurin aiki ya gama yi min bayani, ya ce "Did you get it?" Na ce a'a, don na ɗauka wani saƙo ya turo min. Ashe tambaya yake ko na gane.

"Get to Madina" isa Madina ne, "get off" sauka daga mota, "get sick" kamuwa da rashin lafiya. Kalmar da ta biyo bayanta za ku saurara, ita ke juya ma'anar. A takardar aiki kuwa na fi son "receive" ko "arrive", sun fi fita fili.